Zazzaɓin Ramu a Azumin Bazara

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, kamar yadda ya yi sa'ad da nake da ƴaƴa biyu kacal. Watan zagayawa yake yi, ya ratsa sanyi, ya ratsa damina, sannan ya komo inda ya bar mutum. Ni ya komo ya tarar da ni a Arlit, a gidan ɗana Sani, gwiwa ta yi nauyi, haƙurin zafi ya ragu. Zafin kuwa bai canza ba. Tun hantsi bango yake ɗaukar wuta, ruwan famfo ya fito kamar an sauke shi daga murhu, in ka dafa ƙofar ƙarfe da azahar sai ka janye hannu.

A tsakiyar watan matar Sani, Nafisa, ta kwanta da zazzaɓi. Tana da ciki, har ya fito. Parasetamol na nan a kan firigo, wato firij, amma ta ƙi taɓa shi, wai an turo musu murya a waya cewa yana lalata ƙwaƙwalwar jariri. Ni ba na gardama da waya. Na ce ta sa hijabi, muka tari taksi zuwa gidan likita. Sajfam ɗin, wato ungozomar gidan likita, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar autata ba. Ta auna ta, ta gano abin da ya kawo zazzaɓin, ta ba da maganinsa. Sannan ta ce maganar wayar ba a tabbatar da ita ba, parasetamol shi ne dai abin da suke ba mai ciki, gwargwadon ƙa'ida, a kuma daina da zarar jiki ya yi sanyi. Nafisa ta sha, ta warke. Nata ya ƙare a nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hanyar dawowa. Nafisa ta ciro hoton eko, wato na duban ciki, daga jaka tana nuna mini kan yaron, tana cewa “cikina” a gaban direba, ko rage murya ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba. Amma sai na tuna Ramu, wadda ta kwanta da irin wannan zazzaɓi a Akokan da cikinta na fari, kuma ba ta iya furta kalmar nan guda ko da za ta mutu. Zan bi labarin daki-daki, don ba na son a fara abu daga tsakiya.

A lokacin ramin haƙar ma'adinai na Akokan, nan kusa da Arlit, na aiki, garin cike yake da mutane. Muna zaune a gidajen kamfani, layi-layi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Maigidana, Malam Habu, makaniki ne a garaji. Layinmu ya tara mutanen Damagaram irina, da na Maraɗi, da na Adar. Yanzu an rufe ramin. Zuwana na ƙarshe na tarar da rabin ƙofofin layinmu a kulle, famfon da muke taruwa a kansa ya bushe.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Ƙasar nan ba ta noma gero, kowace ƙwaya a mota take zuwa daga kudu, kuma a shekarar hanya ba ta da lafiya, motoci suna jinkiri. Gero ya yi wuya a kasuwa. Wanda ya saba damun fura da kunu da tuwo duk a rana ɗaya ya koma zaɓen biyu. Muna gauraya garin da karyayyar shinkafar kanti don ya yi auki. Tsamiya ma sai an nema, wake kuwa sai ranar da aka yi sa'a. Shi ya sa muka haɗa daka wuri ɗaya, don kada wata ta kwana babu alhali maƙwabciyarta na da saura.

Ga yadda yini yake tafiya. Bayan sallar asuba kar ɗin ma'aikata, wato bas ɗin kamfani, ya zo ya kwashe maza. Da ya tashi sai mu tari ruwa, domin da safe ne famfo yake da ƙarfi kuma da ɗan sanyi. Kowace ta cika randarta, ta naɗe ta da tsumman buhu, ta jiƙa. Daga nan sai daka a inuwar katangata kafin rana ta hau, sai wanki, sai tankaɗe, sai rabon gari. Da rana ta take aiki ya tsaya. Kowa ta shiga ɗaki, ta kwara ruwa a siminti, ta jiƙa zane ta lulluɓa, ta kwanta. Kafin barci ya ɗauke ka zanen ya bushe ƙayau, sai ka tashi ka sake jiƙawa. Leɓe ya tsage, harshe ya yi kamar ɓawon itace, yaro na kuka ba ka da yawun rarrashinsa. Da la'asar a tashi a hura wuta, kunu da farko don ya samu ya huce, sannan tuwo. Kowace rana mace ɗaya takan ɗauki kwano ta tafi unguwar manyan ma'aikata masu firigo, ta roƙo ƙanƙara wajen masu dafa musu abinci, ta rufo ta da zane ta dawo da sauri. A fasa a raba gida-gida, kowa ya samu guntu kamar ƙwan kaza. Wannan guntun shi ake jira tun safe. A gidan Sani yanzu, in dai akwai wuta, ƙanƙara har zubar da ita ake yi.

Ni na tsara wannan juyi, shi ya sa matan layi suka sa mini Kwamanda. Ban damu ba. Da babu tsarin, da wasu gidajen da ruwan zafi za su riƙa buɗe baki.

Akwai kuma gwangwani. Maza kan dawo daga ɗakin magani na wurin aiki da ƙwayoyi a ƙulle cikin ƴar takarda, na ciwon kai, na ciwon jiki. Su sha biyu su manta saura a aljihu, mu tsince su wajen wanki. Sai muka yi shawara a tara su wuri ɗaya, cikin gwangwanin madara, a hannuna. Duk farare ne, duk masu zagaye, mu a wajenmu duk ƙwaya ce. Ƙa'idar biyu ce. Wadda kanta ke ciwo ko jikinta ya yi zafi, zan kai mata biyu in tsaya a kanta har ta haɗiye, don kada a ajiye yaro ya tsinta. Mai ciki kuwa ba a ba ta ko ɗaya, domin mun taso mun ji ana cewa ƙwayar Bature tana zubar da ciki. Ita sai jiƙon tsamiya da jiƙaƙƙen zane, ta yi haƙuri har ciwon ya sake ta. Haka muka sani, haka muka yi.

Ramu matar Ila ce, wanda ke aiki can ƙarƙashin ƙasa, gidansu na jikin nawa. Ƴar Adar ce, daga wani ƙauye kusa da Tawa, an kawo ta bayan girbi, don haka muna kiranta Amarya. Doguwa ce, mai ƙarfin daka, mai baki. Ita kaɗai ce a layin ke iya tsokanata.

“Yaya Kwamanda,” takan ce da Hausarsu ta yamma, “ku mutanen Damagaram daka kuke ko lallashin turmi? Ba ni taɓaryar in gwada muku yadda anka saba a garinmu.”

“Ki daka da hannu, Amarya, ba da baki ba.”

“Da duka biyu nike yi, shi ya sa nike riga ku gamawa.”

Kuma gaskiya tana riga mu.

Ta shiga azumi da ciki, ba wanda ya sani. Wanda bai taso cikin al'adar ba zai ga abin kamar wauta, amma a zamaninmu ƴar mutunci ba ta faɗin cikin fari. Ba ta faɗa wa miji, ba ta faɗa wa maƙwabta. Uwa ko gwaggo ce ke gani ta gane, ta ɗauke mata maganar, ta ce a yi kaza a bar kaza. Ramu ba ta da uwa ko gwaggo a Akokan, nata suna can nesa, tafiyar kwana da kwanaki a mota. Da a garinsu ne, da wata tsohuwa ta ja ta gefe ta ce ta ajiye azumi, addini ya sauƙaƙa mata. A nan kuwa in ta ci abinci da rana har tsawon wata, layi duka zai tambaya. Sai ta ɗaura zane sama-sama, ta sa riga mai faɗi, ta yi azumi tare da mu, ta yi daka tare da mu, ta kwanta da ƙishirwa tare da mu.

Cikin goman ƙarshe, wata safiya, ba ta fito daka ba. Na gama rabon gari na shiga gidanta. Na tarar da ita kwance a siminti, ta lulluɓa da bargon Ila a cikin zafin nan, haƙoranta na haɗuwa. Na dafa goshinta na ji kamar murfin tukunya.

“Tun yaushe?”

“Lahiya ta lau, Yaya. Ɗan sanyi nike ji.”

“Sanyi a Akokan, da bazara. Tashi ki sha ruwa, mara lafiya ba ya azumi.”

“Ki bari a yi kiran salla, rana ta kusa.”

Ranar ko tsaka ba ta yi ba. Na ƙyale ta, da magariba na koma da gwangwani da kofin kunu mai ƙanƙara. Na ba ta biyu. Ta karɓa, ta sa a baki, ta kurɓi kunu, ta buɗe mini baki na duba. Na koma gida da tunanin gobe za ta fito.

Washegari abin ya ƙaru. Tana riƙe da ƙugu ta gefe ɗaya, in ta zagaya bayi ta dawo da hawaye. Ila ya ce shi ma ya ba ta nasa daga aljihu kafin ya hau kar. Ina share mata ɗaki na janye randa, sai ga ƙwayoyin a bayanta, nawa da na Ila, sun jiƙe sun fara narkewa. A ƙarƙashin harshe take ɓoye su.

Na kwaso su a tafin hannu na fito raina a ɓace, sai na yi karo da Lalla a ƙofa. Lalla tsohuwa ce Ba'abziniya, mijinta na da lambu a bayan gari, ita ke kawo mana tumatir da albasa a amalanken jaki. Hausarta ta mutanen Abzin ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Na nuna mata abin da ke hannuna, na ce ta ga taurin kan yaran yanzu.

“Indo,” ta ce, don ita da sunana take kira na, “kai kana da ido amma ba ka gani. Wata ya kusa ƙare. Kowane mace a layi nan ya sha kwanaki nasa, kai ma ka sha. Amarya bai sha ko ɗaya ba. Yana da ciki. Ni na sani tun yana tofar da yawu bayan katanga.”

Na tsaya da ƙwayoyin a hannu. Abin a fili yake, kullum tana gabana, ban haɗa ba. Nan na ga inda yarinyar ta maƙale. In ta haɗiye, a saninta ta zubar da cikin da hannunta. In ta ƙi a gabana, sai ta faɗi dalili, dalilin kuma ba ya faɗuwa. Shi ya sa ta zaɓi bayan randa.

Bisa ƙa'idarmu ta biyu, yanzu babu abin da ya rage sai tsamiya da zane. Muka yi. Na cire bargon, Lalla ta jiƙa zane muna shafa mata, na ɗiga mata ruwan tsamiya a leɓe ta kau da kai. Kafin azahar ta fara magana da innarta wadda ba ta nan, tana tambayarta ko an ba awaki ruwa. Lalla ta dube ni.

“Wuta irin wannan,” ta ce, “ni na ga ya fitar da ɗan akuya daga cikin uwa nasa, ba a ba shi ƙwaya ko ɗaya ba. Mu kai shi likita.”

Ramu ta ji. Hankalinta ya dawo nan take, ta riƙe ƙafar gado. A ƙofar gidan likita akwai mutumin da ke karɓar katin miji ya tambayi abin da ya kawo ka, kuma mutumin garin su Ila ne, tare suke cin tuwon Salla.

“Ba ni zuwa, Yaya. In ya tambaye ni, mi zan ce mai?”

“Ba ke za ki ce ba. Ki rufe fuska, bakin nawa ne.”

Ta dube ni, na dube ta. Ba wadda ta ambaci kalmar a cikinmu, amma ta gane na sani. Ta saki ƙafar gadon.

Muka sauke kwandunan albasa, muka shimfiɗa tabarma a amalanke. Lalla na jan jaki, ni ina tafe a gefe na riƙe mata zane a sama don inuwa, gwangwanin a ƙulle a bakin mayafina. Ƙasa na ƙuna ta cikin takalmin roba, iska na busowa kamar daga bakin tanda. Babu kowa a hanya sai karnuka a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Duk ƙofar da muka wuce a layin sai labule ya ɗan motsa.

Na miƙa katin Ila na ce, “Zazzaɓi ne, kuma wajen Madam za mu.” Mutumin ya ɗaga kai ya dubi mai lulluɓin, ya sunkuyar, bai ƙara tambaya ba. Allah ya saka masa.

Madam ita ce sajfam ɗin wurin, babbar mace mai tabarau, ba ta da wasa. Ta auna zafin, ta danna ƙugun Ramu ta zabura, ta sa aka duba fitsari. Ta ce cutar fitsari ce ta hau zuwa ƙoda, ƙishirwa ta taimaka mata. Sannan ta tambayi abin da aka ba ta. Na kwance gwangwanin na ajiye a tebur, na ce an ba ta amma ba ta haɗiye ba. Ta zazzage shi, ta gyara tabarau, ta shiga ware ƙwayoyin da bakin alƙalami tana duba alamar da ke jikin kowace.

“Wa ke raba wannan?”

“Ni.”

“To ki saurara, tunda ke ce likitan layi.” Ta tura wasu gefe. “Wannan asfirin ne. Mai ciki ba ta shan shi sai in mu muka rubuta mata da dalili, balle in ciki ya tsufa. Yana iya kawo zubar jini, yana iya taɓa yaron. Waɗannan ni ma ban san su ba, alamar ta goge, shara za su. Wannan kuma shi ne parasetamol. Shi muke ba mai ciki in jiki ya yi zafi ko ciwo ya matsa. Ba gyaɗa ba ne, a sha yadda aka ce, a bar tazara tsakani, jiki ya yi sanyi a daina. Kuma ba ya kashe cutar, zafin yake saukarwa, cutar tana da nata maganin daban. Ku kun ɗauka barin mai ciki cikin zazzaɓi kariya ce. Zazzaɓin nan da kuke kallo ya fi ƙwayar haɗari ga abin da ke ciki.”

Ta share tebur ɗin duka cikin kwandon shara, har da wanda ta ce mai kyau ne, ta ɓallo sabo daga kwalinta, ta zuba ruwa a kofi. Ramu ta juya fuska bango.

“Ƙanwar innata ta sha kinin,” ta ce a hankali, “abin ya zube.”

“Me ya sa ta sha?”

“Masassara.”

“To wanne ya zubar, kinin ɗin ko masassarar? Ni ban sani ba, ban gan ta ba. Ke kuwa ina ganinki, kuma wannan ba kinin ba ne.”

Ramu ba ta juyo ba. Madam ta ajiye kofin ta ce mini, “Ba na ɗura wa babba magani. Ke kika kawo ta, yi mata magana.”

Ban da dogon karatu, aji huɗu na yi a lakwal aka cire ni, kuma abin da Madam ta faɗa ni ma a ranar na fara jinsa. Ba zan iya ƙara komai a kansa ba. Abin da na ga ya rage shi ne wanda yarinyar ta rasa tun farkon watan. Na zauna a bakin gadon.

“Amarya, juyo. Innarki ba ta nan, gwaggonki ba ta nan. Yau ni ce su. Na gani, na gane, na ɗauke miki maganar, ba taki ba ce kuma. Ni na ce ki ajiye azumi, ni na ce ki sha wannan. In wani abu ya faru, ni zan tsaya gaban Ila, ni zan tsaya gaban innarki in ce ni na sa ki.”

Ta daɗe tana kuka ba sauti. Sannan ta miƙo hannu. Ta haɗiye, na duba ƙarƙashin harshe da kaina. Ta shanye kofin ta miƙa aka ƙara, ta shanye aka ƙara. Ina da azumi a bakina, ina jin saukar ruwan a maƙogwaronta, sai da na kau da kai na dubi taga.

Aka yi mata allura, aka rataya mata ƙarin ruwa. Bayan haka Madam ta ɗauko wani ɗan ƙaho na ƙarfe, ta ɗora a cikin, ta kanga kunne. Ta daɗe. Ta matsar da shi ta sake saurara.

“Yaushe rabonki da jin motsi?”

Ramu ta yafuto ni. Na kai kunnena bakinta, ta raɗa mini, na faɗa wa Madam: tun ranar da zazzaɓin ya fara.

“Ban ji abin da zan rantse a kansa ba,” in ji Madam. “Zuciyarta na gudu, ta rufe komai. Ba zan ce muku eh ba, ba zan ce a'a ba. A sauke zafin, a kashe cutar, a jira motsi.”

A lokacin babu hoton da za a duba. Jira kawai ake yi.

Zazzaɓin ya sauka, aka sallame ta da magunguna a kwalinsu, ni na riƙe, ni ke kai mata a kan lokaci. Layi duka ya riga ya sani, amalanken ya gaya musu. Na tara mata wajen daka na faɗi yadda za a yi. Ba mai tambayarta, ba mai yi mata barka, ba mai yi mata jaje. Amarya ta yi zazzaɓi, likita ya hana ta azumi, iyakar abin da muka sani ke nan. Gidan da ke dafa wa yara abincin rana zai ƙara ludayi ɗaya a kai mata, yau wannan gida, gobe wancan. Ban ce komai a kan ƙanƙara ba, amma daga ranar duk wadda ta fasa sai guntun gidan Ila ya fi na kowa, ba wadda ta taɓa ƙorafi.

Ila ma kunyar ta kama shi. Ya zo wajen Malam Habu bayan la'asar, ya zauna yana zancen injin iska na cikin rami har aka kusa shan ruwa, sannan da zai tashi ya ce, “Yaya ta ce wani abu?” Malam Habu ya ce masa ya yi ta addu'a. Ya tafi da hularsa a hannu.

Kowace safiya in na gama tarar ruwa sai in leƙa ta. Ba na tambaya. In dubi fuskarta, ta ɗan girgiza kai, in ba ta magani in fito. Ta daina ba'a. Tana fitowa wajen daka ta zauna a gefe, na hana ta taɓarya, sai ƙarar turmi kawai ake ji. A kwanakin ne motocin gero suka iso, gari ya ɗauki murna, kasuwa ta cika da buhuna, mata na zancen ɗinkin Salla. Mu a layin muna yi da rabin zuciya. Madam ta ce in har aka yi Salla babu motsi a mayar da ita, kuma ta faɗa mini a gefe abin da za a yi a ranar. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar da ake sa ran ganin wata muka taru a tsakar gidana bayan la'asar don ƙunshi. Ramu ta ce ita ba ta so. Na ce amarya ba ta yin Sallarta ta farko da farin hannu, ta zo ta zauna. Lalla ta kwaɓa lalle, ta shafa mata a ƙafa da hannu biyu, ta naɗe da tsumma ta ɗaure tam. Ta jingina da bango, hannuwan a kan cinya kamar ba nata ba. Zafi ya ɗan sassauta, warin lalle ya cika gidan, tukunyar kunu na hucewa a gefe. Mata na gardamar ko za a ga watan yau ko sai an cika talatin.

Ina tsakiyar ɗaure wa wata ƙafa na ji Ramu ta ce, “Yaya.”

“Mene ne?”

“Zane na ya kwance. Zo ki gyara min, hannuwa na a ɗaure suke.”

Daga inda nake ina ganin zanen, lafiya lau yake a ɗaure. Na wanke hannu a buta, na je na durƙusa a gabanta, na kama bakin zanen. Ta sa gwiwar hannu ta tura hannuna ƙasa kaɗan, wajen hagu, ta danne shi a nan. Na jira. Ban ji komai ba sai numfashinta. Sannan na ji, kamar an ɗan harbe ni da yatsa daga ciki. Aka sake, wannan ya fi ƙarfi.

Gardamar ganin wata ta tsaya. Kowace mace ta sa ido a kan lallenta kamar yau ta fara ganinsa. Lalla ta ɗaga kai sama, leɓɓanta na motsi. Ni ban janye hannuna ba.

“Yaya,” in ji Ramu, “har yanzu ba ki gama ɗaurin ba?”

“Ban gama ba,” na ce. “Zauna shiru.”